Iskar da Ta Shiga Motar Baba

Baba ya rasu ya bar mana gida a unguwar Habbena, da rumfar nama a kasuwa, da wata tsohuwar a-kori-kura fara wadda ta girme ni da kaɗan. Gidan da rumfar ba a yi musu a kansu ba. Motar ce ta so ta raba zumunci.

Aikinta ɗaukar nama. Da an idar da sallar asuba Baba zai tashe ta ya nufi mayanka, a loda masa nasa da na abokan sana'arsa, ya bi rumfa-rumfa yana sauke wa kowa kafin rana ta yi zafi. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ni ya koya wa tuƙi. Yayana shi kaɗai ne namiji a gidan, amma fataucin shanu yake yi, rabin shekara ba ya gari. Ni kuwa aurena ya mutu na dawo gida, ba goyo, ba abin yi sai wanke-wanke da sauraren masu zuwa ba ni haƙuri. Wata rana Baba ya kai ni wani fili can wajen unguwar Lamadji, ya sauka ya zagayo ta ɓangarena, ya ce, "Koma can." Na kashe motar ya fi a ƙirga, ban ji ya ɗaga murya ba. Daga nan na zama direbansa. Muddin yana zaune a gefena da hularsa da carbinsa, ba wanda ya ga abin magana. A wurin mutane Baba ne ke tuƙi, aron idona kawai ya yi.

Bayan rasuwarsa motar ta zauna a ƙofar gida, ina tashinta jefi-jefi don kada batir ya mutu. Lokacin da Inna ta fita takaba damina ta riga ta kankama. Aka ce ya kamata a je a yi wa danginmu na Lamadji godiya, don sun yi ɗawainiya sosai a zaman makoki. Muka shiga gaba mu uku: ni, da Inna a tsakiya, da Goggo, yayar Baba, a jikin ƙofa.

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge. Muka ɗaga gilasai duka, abin da Baba bai taɓa yi ba, don shi ko ana ruwa sai ya bar nasa a buɗe hannun rigarsa ya jiƙe. Da muka sauka daga gudron, wato titin kwalta, muka kama hanyar ƙasa ta cikin unguwa, sai muka tarar ruwa ya cinye hanyar. Motoci da 'yan kilando masu haya da babur sun yi cirko-cirko ana jiran ya janye. Na tsaya ni ma, ban kashe injin ba don ina tsoron kada ya ƙi tashi.

Nan motar ta fara halinta. Injin ya yi sama kamar an taka totur, ya sauko har ya kusa mutuwa, ya sake yin sama. Ga kuma wani siririn fito yana tasowa daga gaba, kamar na mai kiran tantabara. Goggo ta leƙo ƙafafuna.

"Ke, ɗauke ƙafarki mana."

"Goggo, ga ƙafata nan a ƙasa, ban taka komai ba."

Ta duba ta ga haka ne, sai ta fara salati.

Ba a daɗe ba Inna ta ce kanta na sarawa. Ni ma na ji nawa ya yi nauyi, idona na lumshewa. Salatin Goggo ya yi ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗauke. Da na juya sai na ga kanta ya langaɓe a jikin gilashi. Ban san yadda na buɗe ƙofa ba. Na jawo Inna cikin ruwan ta durƙusa tana amai, wasu maza suka taya ni fito da Goggo zuwa rumfar wata mai shayi. Aka yi ta yi mata fifita ana shafa mata ruwa, har Allah ya sa ta buɗe ido. Maganar farko da ta yi, ta nuna motar da yatsa ta ce kada a sake sa ta a ciki. A bayan kilando ta koma gida, tsofai-tsofai da ita, cikin yayyafi.

Washegari labari ya gama dangi: motar marigayi tana da iska. Goggo ta kafa hujjojinta. Shekara da shekaru motar na ɗaukar nama da duku-duku, jini na zuba a bayanta, kuma kowa ya san masu son jini. Ta gani da idonta injin na numfashi ba wanda ya taɓa shi, ta ji fiton da kunnenta. Sannan ta kawo wadda ta fi yi mini ciwo: ai a watanninsa na ƙarshe, Baba kullum ya dawo daga mayanka sai ya ce kansa na ciwo, ya kwanta ya yi ta barci har azahar.

"Ita ta ci mini ƙane," in ji ta, a tsakar gida, a gaban Inna. "Yanzu ta juyo kanmu."

Ni ban taɓa musun akwai aljanu ba, kuma ba na wasa da addu'a. Amma ni ke zaune a bayan sitiyari. Na san warin da ya cika motar ran nan, shi ne warin da ke bin bayan kowace tsohuwar mota, sai dai wannan karon a ciki yake. Fiton ma ba sabo ba ne, ya fara tun Baba na da rai, har ya ce in ya samu sarari zai kai ta wurin wani bakanike mutuminsa na unguwar Chagoua. Birki kuma ya yi tauri, sai na miƙe a kansa kafin ta tsaya. Duk na faɗi wannan. Goggo ta ce ai dama wanda suka shafa shi ke kare su.

Yaya ya dawo daga tafiya ya tarar da zancen. Ya tara mu a ɗakin Inna ya ce ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, za su zo su ja ta kowa ya huta.

Na ce, "Yaya, ba a raba gado ba tukuna. A sa motar a kasona."

"Ki yi me da ita?"

"Abin da Baba ke yi da ita."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da Baba na gefenki. Yanzu ke kaɗai za ki shiga mayanka cikin maza? Da motar da ta kusa kashe Inna?"

"Zan gyara ta."

"Ba ni makullin."

Makullin na ɗaure a bakin zanena tun ranar da abin ya faru. Ban taɓa yi wa Yaya musu ba tun muna yara. Shi ke raka ni lakwal, wato makaranta, shi ke rama mini in an doke ni. Amma ran nan na dube shi na ce ba zan bayar ba. Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Yaya ya tashi ya fita, labule na kaɗawa a bayansa.

Bai tsaya nan ba. Na kai motar wurin bakaniken unguwarmu, ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali yana zaune kan benci yana ɓare gyaɗa. Na wuce wurin wani wanda ya san ni tun ina yarinya. Shi bai iya yi mini ƙarya ba, ya kawar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, yayanki ya riga ki zuwa."

Sai na tuna da mutumin Baba na Chagoua. Sau ɗaya na taɓa kai Baba wurinsa, amma na riƙe hanyar. Na sauke gilasai duka biyu, na rufe hanci da bakin laffayata, na kama hanya. Inna kaɗai na yi wa sallama. Ba ta ce in je ba, ba ta kuma ce kada in je ba.

Garejin ba wani gareji ba ne. Wata ƙatuwar dalbejiya ce, da rami wanda ruwan sama ya cika, da akwatin ƙarfe na kayan aiki. Tsohon na zaune a kujerar roba. Mutumin kudu ne, Kirista, ba ya jin Hausa sai gaisuwa, da Larabcin gari suke hira da Baba. Tun kafin in kashe injin ya ɗago yana murmushi, yana leƙen kujerar gefena. Da ya ga ba kowa, murmushin ya tsaya.

"Ina Alhaji?"

Na gaya masa. Ashe bai ji ba. Ya cire hularsa da hannun hagu ya ɗora a gwiwa. A nan na lura hannunsa na dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, samarin da ke aiki a ƙarƙashinsa kuma duk sun watse sun koma kilando.

Na ba shi labarin ruwan, da suman Goggo, da abin da ake faɗa a gida. Bai yi dariya ba. Ya ce in sake tashinta. Ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce cuta biyu ce ba ɗaya ba. Hayaƙi na fita ta inda bai kamata ba, shi ne ya kusa kashe mu. Iska kuma na shiga injin ta inda bai kamata ba, ita ke sa shi hawa da sauka da fito. Da Larabci ya faɗa, amma da na juya maganar zuwa Hausa a raina sai da na danne dariya.

"Duka biyun suna gyaruwa, binti," ya ce, wato 'yata. "Amma kin gani." Ya ɗaga mataccen hannun da mai ran, ya sake shi ya faɗi. "Id mafi. Babu hannu."

Na miƙa masa nawa biyu. "Ga hannu."

Ya dube su, da sauran lallen da bai gama gogewa ba, ya dube ni. Sai ya ƙwala wa matarsa kira ya ce ta kawo buhu na shimfiɗawa da ruwan sabulu a roba.

Ya sa na hau da tayoyin gaba kan wasu katakai masu kauri, na tokare na baya da duwatsu. Muka jira injin ya huce, matar ta ba ni shayi. Sannan ya ce in cusa tsumma a bakin salansa ta baya, kada in toshe dam, in tashi motar in shiga ƙarƙashi da soso.

"Bi bututun daga gaba zuwa baya. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ki shafa. Yi sauri kafin ya yi zafi."

Inda bututun ya haɗu da injin, kumfa ta tashi tana ɓul-ɓul kamar tukunya ta tafasa, ga baƙin hayaƙi ya yi zane a jikin ƙarfen. Na ja jiki baya kaɗan, daidai ƙarƙashin inda muke zama. Nan ban ma buƙaci sabulu ba, huci mai zafi ne ya buso mini a kumatu. Da aka kashe injin ya sake hucewa na kai hannu saman bututun, wurin da ido ba ya gani, sai yatsuna suka shige rami. Ta nan ruwan da muke wanke jini da shi kullum yake gangarowa, tsatsa ta cinye wurin. Na ɗaga ido sama na hango haske. Ƙasan motar ma ya ɓule, tabarmar roba ce kawai ta rufe shi daga ciki.

Na fito ina huci, ban san ko murna nake ko fushi ba. Na tambayi tsohon ko wannan ne ya riƙa sa wa Baba ciwon kai. Ya ce yana yiwuwa. Na tambaye shi ko shi ya kashe shi.

"Me likita ya ce?"

"Hawan jini."

"To, ni ba likita ba ne. Buɗe akwatin nan ki ɗauko sifana."

Notocin sun yi tsatsa sun manne, sai muka jiƙa su da man birki muka bar su su kwana. Na koma gida a kilando, zanena duk baƙin mai. Inna ta bi ni da kallo. Da safe na tarar da tsohon wandon Baba da rigarsa ta aiki a ninke a bakin ƙofar ɗakina.

Na sa su na koma Chagoua. Ina ƙarƙashin motar ina kokawa da noti, sai na ga takalman da na sani sun tsaya kusa da ƙafata. Wani ɗan kilando ne ya kai wa Yaya labari.

"Fito."

"Ina aiki, Yaya."

"Na ce ki fito! 'Yar Alhaji a kwance a ƙasa bakin titi, da wando, duk mai wucewa yana kallo? Kin san abin da ake faɗa a majalisa?"

"Su faɗa. Da ka hana su taɓa ta, wa kake so ya taɓa?"

Ya durƙusa, na ga fuskarsa a karkace tsakanin taya da ƙasa. Muryarsa ta sauko. "Mun binne Baba. So kike in binne ki ke ma? Ƙarfe ne fa, ƙanwata. Tsohon ƙarfe."

Wannan ta fi tsawar taɓa ni, sai da idona ya kawo ruwa. Amma na kamo hannunsa na ja shi har saman bututun, na cusa yatsunsa a ramin.

"Ka ji? Ga abin da ya kusa kashe Inna. In ka sayar da ita a haka, kana tsammanin yanka ta za su yi? Fenti za su shafa mata su sayar wa wani mai iyali."

Ya zare hannunsa ya duba tsatsar da ta maƙale masa. Ya miƙe, ya gaida tsohon a daƙile, don ko yana fushi ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. Ni kuma ya ce mini, "Kin zaɓa." Ya tafi.

Fushin da ban sauke a kansa ba, a kan notin na sauke. Tsohon na cewa in bi a hankali, ban ji ba. Na zura wa sifanar guntun bututu don ƙarin ƙarfi, na ja da iyakacin ƙarfina. Sai ji na yi ƙas! Kusar ta karye, rabinta ya maƙale a cikin ƙarfen, bayan hannuna ya daki gefen injin ya fashe. Na kwanta a nan ina kallon jini na gangarowa zuwa gwiwar hannuna, na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar jana'iza. Tsohon ya bar ni na gama. Matarsa ta wanke ciwon ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Sannan ya ce babu bakaniken da bai taɓa karya kusa ba, ya tura ta ta kira mai waldan da ke bayan katangarsu.

Babu wuta a unguwar ran nan, sai washegari da hantsi aka kawo. Mai waldan ya zo yana jan wayoyinsa. Ya dube ni cikin wandon Baba, ya dubi tsohon, ya ga ba fuskar tambaya, sai ya shiga aikinsa. Ya ɗora sabon noti a kan guntun kusar ya liƙe su da wuta. Zafin ya sa tsatsar ta saki, guntun ya warwaro salin-alin kamar ba shi ya sa ni kuka ba. Shi ya yanke ruɓaɓɓen bututun ya dasa sabo, ya yanko farantin ƙarfe ya toshe ƙasan motar. Gaskit ɗin da ke tsakanin bututun da injin kuwa ni na sa da hannuna. Wanda na cire ya ƙone ya zama kamar ƙanzo. Tsohon na daga kujerarsa yana ba ni umarni: kada in ɗaure noti ɗaya tamau in bar sauran, in riƙa bin su, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su zauna daidai.

Da na tashe ta ban gane muryarta ba. Ɓaɓatun nan da na taso ina ji ya tafi. Na maimaita sabulu, ba kumfa ko ɗaya. Amma da yake yanzu ta yi shiru, sai fiton ya fito fili ƙarara, injin kuma na nan yana hawa yana sauka. Na san in na koma Habbena da ita a haka, Goggo za ta ce baki ɗaya aka rufe wa aljanun, ɗayan na nan.

Tsohon ya sa matarsa ta ɗauko guntun tiyo na ban ruwa. Ya ce in buɗe bonet, in sa baki ɗaya a kunne, in riƙa yawo da ɗayan a jikin injin, in kula kada fanka ta kama mini mayafi. Na ajiye laffayar na ɗaure ɗankwali tamau. Da farko ba na jin komai sai ruri. Na bi gindin kafireto, na bi ƙananan tiyoyin da ke fita daga jikinsa. "Bishesh, bishesh," in ji tsohon, wato in bar gaggawa. Da na kai kan wani baƙin tiyo mai kauri da ke tafiya zuwa tukunyar birki, fiton ya soke mini kunne har sai da na zabura. A ido lafiyarsa lau. Da na lanƙwasa shi sai ƙasansa ya buɗe baki, tsaga doguwa kamar faso a diddige. Na danne ta da babban yatsa. Nan take fiton ya ɗauke, injin ya sauko ya zauna a murya ɗaya. Na saki, ya dawo. Na danne, ya ɗauke. Na yi ta yi kamar yarinyar da ta samu abin wasa, matar tsohon na tafa hannu tana dariya.

Ya yi mini bayani cewa ta wannan tiyon injin ke zuƙo iska don ya taimaki birki. Da ya tsage sai ya riƙa zuƙar ta waje ba ƙa'ida, mai ya yi masa kaɗan, birkin kuma ya rasa mataimaki. Na cire shi na tafi da shi kasuwar kayan mota na zaɓo irinsa. Mai shagon ya tambaye ni ko maigida ne ya aiko ni. Na ce motata ce, ya haɗo mini da maɗauri biyu.

Na shiga Habbena da la'asar, gilasai a rufe da gangan, kaina garau. Na taka birki a ƙofar gida ta tsaya cak, na bar injin yana aiki. Goggo na tsakar gida ita da Inna suna yankan kuɓewa. Na ajiye musu ruɓaɓɓen bututun da tsagaggen tiyon a kan tabarma.

"Goggo, gaskiyarki. Iska ce ta shiga motar." Na lanƙwasa tiyon tsagar ta buɗe. "Ta nan take shiga. Na toshe."

Goggo ta janye ƙafarta kamar maciji na ajiye. Ta kasa kunne wajen ƙofa, inda injin ke tafiya sumul. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "To, wa ya tsaga shi?"

"Zafi da tsufa."

"Haka suka ce miki."

Har ta koma ga Allah ba ta sake shiga motar ba. In ta gan ta a ƙofar gida sai ta zagaye ta tana tofi, ni kuma na daina ja da ita. Inna ce ta ɗauki guntun bututun ta juya shi a hannu, ta sa yatsa a ramin.

"Wannan ne mahaifinku ya yi ta shaƙa?"

Na ce ban sani ba, Inna, ni ma tare muka shaƙa. Ta naɗe shi a tsumma ta shiga da shi ɗaki. Ban taɓa tambayarta inda ta ajiye ba.

Washegari bayan asuba na tafi mayanka ni kaɗai. Na ja baya na tsaya inda Baba ke tsayawa, na buɗe bayan motar na shimfiɗa leda. Mahauta suka yi ta wuce ni da nama a kafaɗa suna kai wa masu amalanke da 'yan kilando. Wasu labarin iskar suka ji, wasu kuma ni ce matsalarsu. Na tsaya a wurin da hannuna ɗaure da tsumma, ban roƙi kowa ba, ban kuma matsa ba. Can sai wani dattijo, abokin Baba tun suna samari, ya zo ya zagaya motar, ya ce in tashe ta ya ji. Na tashe ta. Ya saurara, ya ɗaga hannu ya ce a zuba nasa. Ran nan nasa kaɗai na ɗauka. Kafin damina ta ƙare sai da na riƙa yin sawu biyu. Akwai waɗanda har yau ba sa ba ni kayansu, kuma muna gaisawa lafiya lau.

Chagoua kuwa ta zama mini hanya. Duk abin da ya lalace can nake kai ta, tsohon ya ba da baki ni in ba da hannu. In zan je nakan riƙa musu hanta ko wutsiyar sa, matarsa ta ce ina ɓata shi.

Yaya bai yi mini magana ba har kaka. In mun haɗu a zaure sai ya kalli bango. Ranar rabon gado, da aka sa motar a kasona, bai hana ba. Ya yi tafiyarsa ta shanu ya daɗe.

Ran da ya dawo ina ƙofar gida ina wanke bayan motar. Sai ga mai amalanke ya tsaya ya sauke tayoyi biyu, ba sababbi ba amma haƙoransu na nan. Yaya na biye da shi a ƙasa. Ya zo ya daki tayar baya da ƙafa, wadda ta suɗe har zare ya fito.

"Da wannan kike ɗaukar naman mutane?"

"Da ita."

"Kada ki ɗauka na yarda ne. Har yanzu ban ga abin da ya kai mace mayanka ba."

"Ban tambaye ka ba, Yaya."

Ya harare ni, na harare shi. Maƙwabtan da ke zaune kan benci suka zuba mana ido. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a ƙofar motar, ya tambaya ina jak yake. Na ce yana bayan kujera, amma ya bari in sassauta notocin tukuna kafin ya ɗaga ta. Ya ce shi ma ya sani. Bai sani ba. Muka canza su tare, yana mita ina mayar masa, har aka kira magariba, ya wanke hannu a bokitina ya wuce masallaci.